Wai surutu ya yi yawa a finafinan Godzilla?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai ƙorafin da ke maimaituwa duk lokacin da aka ambaci finafinan manyan dodanni na Japan, musamman Godzilla na 1954 da Shin Godzilla na 2016 ("Shin" a nan kalmar Japananci ce a cikin sunan fim ɗin). Wai surutu ya yi yawa, dodon ba ya fitowa da wuri, mutum sai ya yi ta jan fim gaba kafin ya ga an rushe bene ko ɗaya. Ni ban yarda ba, kuma ina so mu tattauna a tsanake. Idan ka tsallake zaman majalisa da gardamar masana da kukan iyalan masunta, abin da ya rage maka mutum ne cikin rigar roba yana tattaka ƙananan gidajen da aka ƙera a sitidiyo. Maganganun nan su ne suke ba dodon nauyi.

Ku ɗauki na 1954, wanda Ishiro Honda ya ba da umarni a kamfanin Toho. Tsawonsa minti 96, kuma sai an wuce minti ashirin kafin a ga kan dodon ya leƙo ta bayan tsauni a tsibirin Odo. Me ake yi kafin nan? Jiragen ruwa ke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Iyaye da matan aure sun cika ofis suna neman labarin mutanensu, jami'ai ba su da amsa. Masunta suna dawowa ba kifi. Wani dattijo yana faɗin abin da kakanninsu ke tsoro a cikin teku, ana yi masa kallon mai tatsuniya. Kafin ka ga dodon, ka riga ka san fuskokin waɗanda zai taka.

Nura:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara sani, amma gani ya kori ji. Fim abin kallo ne. Da kuɗina na sayi data na sauke fim mai suna Godzilla, to Godzilla nake son gani. Idan zaman majalisa nake so ai sai in kunna labarai. Shin Godzilla ɗin nan da kuke yabo, kusan rabinsa mutane ne cikin kwat suna tashi daga wannan ɗaki su koma wancan ɗaki. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Zainab:
Yaya Nura, kai da kake zama awa uku kana kallon fim ɗin Indiya, inda uba da ɗa za su yi ta ja-in-ja a falo kan maganar aure, yau kai ne ke cewa magana ta yi yawa? Mu da muka tashi da finafinan Kannywood, waɗanda galibinsu a falo da tsakar gida ake yin su, bai kamata magana ta ba mu tsoro ba.

Nura:
Ƙanwata, wancan na san a kan me ake rigima. Aure ne, gado ne, abin da ke faruwa a gidan kowa. Amma me ya haɗa ni da ministan Japan da ke neman sashin dokar da zai ba soja izinin harbi?

Malam Habibu:
Tambayarka tana kan hanya Nura, bari in ba ka abin da mutanen da suka shiga silima a Nuwamban 1954 suke ɗauke da shi a zuciya. Ranar 1 ga Maris na shekarar, Amurka ta gwada bam ɗin haidirojin a tsibiran Bikini, gwajin da ake kira Castle Bravo. Ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima kusan sau dubu, ya ma zarce lissafin waɗanda suka haɗa shi. Wani jirgin kamun kifi na Japan, Daigo Fukuryu Maru, yana wajen iyakar da aka ce akwai haɗari, amma farar toka ta yi ta zuba a kan mutum 23 da ke cikinsa. Suka koma tashar Yaizu da ƙuna da zubewar gashi. A watan Satumba mai kula da rediyon jirgin, Aikichi Kuboyama, ya rasu. Kasuwar kifi ta rikice, aka riƙa zubar da kifin da na'ura ta nuna ya gurɓata, a ƙasar da kifi ne abincin yau da gobe. Matan unguwar Suginami a Tokyo suka fara tattara sa hannu don a daina gwaje-gwajen, har daga baya ya haura mutum miliyan 30.

To ka ga fim ya buɗe da jirgin ruwa, ma'aikata suna hutawa, sai haske ya tashi daga teku ya ƙone su. Babu wanda ke cikin silimar da bai gane ba. Shekara tara kacal da Hiroshima da Nagasaki, shekara biyu da ƙarewar mulkin sojan Amurka wanda ya taƙaita abin da za a iya faɗa a kan bam ɗin. Shi kansa Honda tsohon soja ne, ya biyo ta Hiroshima a hanyarsa ta komawa gida bayan yaƙi.

Yanzu ka koma zaman majalisar da kake tsallakewa. Farfesa Yamane ya gabatar da shaidar cewa gwajin bam ne ya taso da dabbar. Wani ɗan majalisa ya miƙe ya ce a ɓoye wannan rahoto don kada dangantaka da ƙasashen waje ta lalace. Wata 'yar majalisa ta taso masa cewa sai an faɗa wa jama'a gaskiya, wuri ya kaure. Wannan gardamar ita ce ake yi a Japan a wannan shekarar, aka ɗauko ta aka sa a fim. Ni a wurina ta fi rushewar hasumiyar agogo tayar da hankali.

Mamman Damagaram:
Malam, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Nura ya ce me ya haɗa shi da su. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, arewa da mu, kuma a lokacin da iskar hunturu ke kwaso ƙura ta yo kudu. Ghana ta riƙe kadarorin Faransa saboda haka. Najeriya kuma ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961 bayan gwaji na uku. Gwaje-gwajen sun ci gaba a Sahara har 1966. Mu nan Nijar kuma yuraniyom ɗin Arlit tun farkon shekarun 1970 ake haƙarsa, mutanen garin har yau suna tambaya a kan ruwansu da ƙurar da suke shaƙa. Da na ga wurin da likita a fim ɗin 1954 ke kara na'urar auna tururin nukiliya a jikin yaro a asibiti tana ƙara, yaron bai ma san me ake aunawa ba, ban ji kamar labarin wata duniya ba ne. 

Nura:
Na ji, kuma tarihi ne mai nauyi. Amma mu faɗi gaskiya, ba don hikima kaɗai suka cika fim da magana ba. Rashin kuɗi ne. Nuna dodo tsada gare shi, ajiye mutum biyar a tebur kuwa araha ne. Daga baya ku masu sharhi kuka zo kuka sa wa talauci rawani.

Bashir Edita:
Nura, a matsayina na mai tace hoto zan ba ka rabin gaskiya. Lallai kowane sakan na dodo aiki ne ja. Rigar da Haruo Nakajima ya sa a 1954 ta kai kimanin kilo 100, ga zafin fitilu, 'yan mintuna kaɗan yake iya yi a ciki a fito da shi jiƙe sharkaf. Ƙananan gine-ginen da Eiji Tsuburaya da yaransa suka ƙera kuwa, da zarar an rushe, sai an sake ginawa kafin a sake ɗauka. Don haka dole a yi tattali.

Amma fim ɗin ba na araha ba ne, yana cikin mafi tsada da aka yi a Japan a lokacin. Kuma ga abin da mutane ba sa lura da shi: jinkirin da kansa dabara ce. Suna ɗaukar dodon da kyamara mai gudu fiye da ƙa'ida, idan aka haska shi a gudun da aka saba sai motsinsa ya yi sanyi, ƙura da ɓaraguzai su sauko a hankali. Idonka ya saba cewa ƙaton abu ba ya zabura, shi ya sa kake yarda tsayinsa mita 50 ne. Ka sa shi ya riƙa tsalle da gudu, nan take ya koma ɗan tsana. Haka abin yake a tsarin labarin. Idan dodo yana kan allo daga farko har ƙarshe, zuwa minti talatin ido ya saba da shi, ba ya ƙara ba ka tsoro. Ko a na 1954, sautin takunsa da kukansa kake fara ji tun ana rubuta sunaye, kukan da mai tsara kiɗan fim ɗin, Akira Ifukube, ya samar ta hanyar goga safar hannu ta fata a kan tsirkiyar babban goge na Turawa. Kunne ya riga ido, kuma da gangan ne.

Anti Rabi:
Ku bar ni in yi magana a kan Shin Godzilla, don ni na yi shekaru a aikin gwamnati kafin in yi ritaya, kuma ban taɓa ganin fim ɗin da ya fahimci yadda ofis ke aiki kamarsa ba.

Nura ɗana, tashin da suke yi daga ɗaki zuwa ɗaki shi ne labarin. Abu yana tafasa a mashigin ruwan Tokyo, wani matashin jami'i, Yaguchi, ya ce wataƙila halitta ce mai rai, manya suka ce ya daina wasa. Aka kira manyan masana uku, kowa ya ƙi faɗin komai don kada sunansa ya ɓaci. Wata ƙaramar ma'aikaciya daga ma'aikatar muhalli ta ce dabbar za ta iya hawowa tudu, ba a ɗauki maganarta ba. Firaminista ya fito gaban 'yan jarida yana kwantar wa jama'a hankali cewa ba za ta hau tudu ba, yana cikin magana aka raɗa masa cewa ta riga ta hau. Duk minti ɗaya da aka ɓata a ɗakin taro, ana yanka hoto a nuna maka motoci da jiragen ruwa suna tunkuɗo juna a unguwar Kamata. Ta yaya wannan zai zama gundura? Ni zuciyata bugawa take yi.

Kuma masu ba da umarnin fim ɗin, Hideaki Anno da Shinji Higuchi, ba daga sama suka ɗauko ba. Ranar 11 ga Maris 2011 girgizar ƙasa da ambaliyar tsunami suka hallaka ko suka ɓatar da mutum sama da 18,000, tashar nukiliya ta Fukushima ta lalace. Kwamitin bincike da majalisar ƙasar ta kafa ya ce a 2012 bala'in tashar sakacin mutane ne. 'Yan Japan sun ga jami'ai cikin shuɗin kayan aiki suna jawabi a talabijin suna cewa babu haɗari nan take. Irin kayan ne aka sa wa ministocin fim ɗin.

Wurin da ya fi tsaya mini shi ne na jirage masu saukar ungulu. An jera su, an saita dodon, umarni yana hawa daga matuƙi zuwa kwamanda zuwa ministar tsaro zuwa firaminista. Sai aka hango wani mutum goye da tsohuwa suna tsallaka layin dogo. Tambaya ta sake hawowa: a harba ko a dakata? Firaminista ya ce a dakata. Ƙasar da tsarin mulkinta na bayan yaƙi ya ɗaure hannun sojanta, shugaba ba ya son ya zama na farko da harsashinsu zai kashe ɗan ƙasa. Ya yi daidai ko ya yi kuskure? Har yau ban yanke ba, domin barin dodon da rai ya jawo asarar da ta fi haka daga baya. Ba a harba ko harsashi ɗaya a wannan fitowar ba, amma babu fitowar faɗa da ta riƙe ni kamarta.

Nura:
Anti, yadda kika ba da labarin ya fi yadda na gan shi daɗi, kuma a nan matsalar take. Suna magana da Japananci da gudun tsiya. Fassara tana ƙasan allo da Turanci, sunan mutum da muƙaminsa suna sama, sunan ɗakin taro yana gefe. A waya nake kallo. Kafin in karanta layi ɗaya an wuce uku. Ba kowa ne ya ƙi tunani ba, wani wahalar karatun ce ta kore shi. Idan kuna kare finafinan nan ku riƙa tunawa da wannan.

Zainab:
Wannan kam gaskiya ne. Kuma masu fassara zuwa Hausa sun fi ɗaukar finafinan faɗa, don su ne ke tafiya a wurin masu turawa a waya. Da za a samu wanda zai zauna ya fassara wannan da kyau, ba tare da cusa barkwanci a inda babu shi ba, da mutane da yawa sun canza ra'ayi.

Malam Habibu:
Na karɓi wannan uzurin Nura. Shawarata, kada ka wahalar da kanka da muƙaman da ke fitowa a sama. An yi su ne don ka ji yawansu ya danne ka, kamar yadda ya danne masu aikin. Ka bi mutum uku kawai: Yaguchi, firaminista, da wakiliyar Amurka.

Sannan kada a fahimce ni cewa duk fim mai jinkiri mai kyau ne. Akwai maganar da ake yi don cike lokaci. Finafinan Amurka na baya-bayan nan suna da ita: masani ya tsaya gaban allo yana bayanin wani rami a tsakiyar duniya, babu wanda zai rasa komai ko an yarda da shi ko ba a yarda ba. Wannan ni ma tana gundurata. Ma'aunina ɗaya ne: shin a cikin maganar akwai wanda dole ya yanke hukuncin da zai ci masa wani abu? Dakta Serizawa a na 1954 ya ƙirƙiro abin da zai iya kashe dodon, amma ya san ranar da duniya ta gan shi, 'yan siyasa za su mayar da shi makami. Doguwar gardamarsa a ɗakin bincikensa da Ogata, ma'aikacin jirgin ruwan da ke roƙonsa ya yi amfani da abin, da waƙar addu'ar 'yan makaranta da ya gani a talabijin, su suka kai shi ga ƙona takardunsa, ya shiga ruwa ya yanke igiyarsa don sirrin ya mutu tare da shi. Cire gardamar, sai mutuwarsa ta zama haɗarin aiki kawai.

Mu ma haka muke ba da labari. A labarin Bayajidda, kashe macijiyar rijiyar Kusugu numfashi ɗaya ne. Abin da ake jan zance a kansa shi ne garin da ba ya samun ruwa sai ranar Juma'a, da tsohuwar da ta sauki baƙo, da binciken Daurama a kan wanda ya yi aikin. Ba wanda ya taɓa cewa a tsallake waɗannan a kai shi bakin rijiya.

Sadiq:
Malam, ina tare da kai amma ban yarda sai an ɓoye dodo ba. The Host na Bong Joon-ho, ɗan Koriya ta Kudu, 2006. Tun kusan farko dabbar ta fito da rana tsaka a bakin kogin Han tana bin mutane, ba duhu ba hazo. Duk da haka yawancin fim ɗin iyali ne guda suna faɗa da juna da jami'an lafiya suna neman 'yarsu. Shi ma daga abin da ya faru aka ɗauko, lokacin da aka zubar da sinadarin adana gawa a magudanar ruwa daga sansanin sojan Amurka a Seoul a 2000. Kenan ba lokacin fitowar dodo ne ma'auni ba.

Godzilla na Gareth Edwards na 2014 kuma ya ɓoye dodon sosai, har yana yanke faɗan filin jirgin Honolulu ana shirin farawa. Dabarar ta yi kyau, amma mutumin da ke ɗauke da ciwon labarin, wanda Bryan Cranston ya fito a matsayinsa, an kashe shi da wuri, aka bar mu da waɗanda ba mu damu da su ba. A nan ina bayan Nura, jiran bai biya ba.

Zainab:
Shi ya sa ni Godzilla Minus One na 2023 nake ba duk mai wannan ƙorafin. Takashi Yamazaki ya nuna dodon tun mintunan farko, ya biya mai kallo, sannan ya zaunar da shi a Tokyon da yaƙi ya ƙone. Matuƙin jirgin ƙunar baƙin wake da ya gudu daga mutuwa, budurwar da ta tsinci jaririyar da ba tata ba, maƙwabciyar da 'ya'yanta suka mutu tana zaginsa don ya dawo da rai. Akwai dogon zama inda tsofaffin sojan ruwa ke sauraron shirin nutsar da dodon a mashigin Sagami, wasu suka tashi suka fita saboda suna da iyali, kuma ba a nuna su a matsayin matsorata ba. Daga baya injiniyan da ya tsara shirin ya yi magana a kan yadda ƙasarsu ta ɗauki ran ɗan Adam da arha a lokacin yaƙi, ya ce wannan karon burinsu kowa ya dawo gida. Na yi kuka a wurin. Kuma fim ɗin ya ci Oscar na ƙwarewar haɗa hoto a 2024, da ma'aikata 35 kacal a wannan sashen, don haka ba za a ce gazawa ce ta sa suke magana ba.

Anti Rabi:
Yana da kyau 'yata, amma ya fi lallashin mai kallo. Ya ba ka jarumi ɗaya da za ka bi. Shin Godzilla ya fi ƙarfin hali, don babu soyayya, babu iyali, ba a ma nuna gidan Yaguchi ba. Waɗanda suka ceci garin ƙananan ma'aikata ne da aka saba watsarwa, suna kwana a ofis, suna kiran masana'antu a haɗa maganin daskarar da jini, suna roƙon Faransa ta taimaka a jinkirta bam ɗin nukiliyar da aka amince a jefa wa Tokyo. A ƙarshe da jiragen ƙasa da motocin famfon kankare aka yi aikin. Ya lashe kyautar gwarzon fim ta Japan a shekararsa, kuma na fahimci dalili.

Nura:
Har yanzu ina nan a kan cewa minti talatin na farkon Shin Godzilla za a iya rage su ba a yi asara ba, Anti ki yi haƙuri. Amma na 1954 ban taɓa kallonsa daga farko ba, guntaye kawai na gani. Wanne zan nema? Na ga kamar iri biyu ne.

Bashir Edita:
Ka kula sosai a nan. Akwai na asali na Japan, akwai wanda aka sake yankawa a Amurka a 1956 mai suna Godzilla, King of the Monsters! A na biyun an cusa ɗan wasan Amurka Raymond Burr a matsayin ɗan jarida, an rage tsawon zuwa kusan minti 80, kuma yawancin abin da aka zubar irin maganganun da Malam yake karewa ne: an taƙaita rigimar majalisa, an cire hirar cikin jirgin ƙasa inda wata mata ke cewa da ƙyar ta tsira a Nagasaki ga shi kuma wani ya zo, an cire gargaɗin Yamane na ƙarshe a kan ci gaba da gwajin bam. Mutanen Amurka sai a 2004 aka haska musu na asalin a silima yadda ya kamata. Idan ka kunna ka ga Bature a kwance cikin ɓaraguzai yana ba da labari da Turanci, ba shi ba ne. Na asalin yana farawa da rubutun Japananci a kan baƙin allo da ƙarar taku. Ka sa abin ji a kunne, kuma in da hali ka kalla a talabijin, don hoton baƙi da fari ne kuma harin Tokyo duk da dare aka yi shi, a ƙaramin allo da rana ba za ka ga komai ba.